TAKIN GIDA DA SAUYIN YANAYI

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon malamin gona ya yi a gaban taron manoma da makiyaya. Mun buga shi ɗungurungum domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro saboda damar da suka ba ni in tsaya a gabanku. An umurce ni in yi magana a kan irin noman nan da ba a dogara da takin zamani ko magungunan feshi na kanti a cikinsa, wanda Turawa suke kira oganik, da kuma taimakon da zai iya bayarwa wajen fama da sauyin yanayi. Ni dai zan riƙa kiransa noman takin gida, domin da takin gida aka fi saninsa a wurinmu, ko da yake za mu ga cewa ya ƙunshi itatuwa da wake da dabbobi da dabarun tare ruwa a gona.

Kafin in yi nisa, ya wajaba in amsa wani laifi. Ina cikin samarin malaman gona da suka bi ƙauyuka a zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na 1980. Mun koya wa mutane sa takin zamani, wannan kuwa ba abin kunya ba ne. Inda muka yi kuskure shi ne mun bar jama'a suka ɗauka buhu ya maye gurbin juji. Mun kuma ce musu su tumɓuke kututture, su share gona fes domin garma ta wuce ba cikas. Allah Ya ja kwanana har na ga waɗannan gonaki sun koma rairayi, ana zuba musu buhu biyu ba su ba da abin da buhu ɗaya ya ba da a da. Saboda haka maganar da zan yi yau ta mai gyara ɓarnarsa ce.

ABIN DA YA SAMI DAMINA

Babu wanda yake zaune a nan da yake bukatar a gaya masa damina ta sake hali. Ruwa ya sauka, a yi shuka, sa'an nan ya ɗauke har kwana goma sha biyar ko ashirin, yabanya ta ƙone, a koma neman iri. Wata shekarar kuma ruwan wata guda ya zuba cikin dare biyu, ya kwashe kunya da taki duka. Dattawan cikinmu sun tuna farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, da irin dabbobin da aka rasa. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance har bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba a tsakiyar shekarun 1980. A ɗaya gefen kuma, ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri.

Lalle fari da ambaliya ba yau aka fara su ba, kuma sakacin ɗan Adam yana da nasa kason. Amma masana sun tabbatar duniya ta ƙara zafi. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa har zuwa lokacinta, ta ɗara zamanin kafin yawaitar masana'antu da kimanin digiri ɗaya da rabi. Iska mai zafi kuwa ta fi mai sanyi ɗaukar tururi, shi ya sa idan ta tashi zubar da shi take kwararowa gaba ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Zafin nan kuma shi ne yake busar da gona da sauri tsakanin wannan ruwa da na gaba.

Sanadin ɗumamar shi ne hayaƙin da ake turawa sama, musamman iskar kabon da ke fita daga ƙona kwal da man fetur da gas, wadda take taruwa kamar bargo ta hana zafi fita. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan na iska akwai kashi 280 nata. A 2024 ta wuce 420. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin man fetur da kwal na duniya ba, amma mu ne muke kan gaba wajen ɗanɗana kuɗarsa, domin abincinmu a hannun ruwan sama yake.

ME YA HAƊA TAKI DA ZAFIN DUNIYA?

Wani zai ce, to me ya haɗa jujin bayan gidana da wannan babbar magana? Abin da ya haɗa su hanya biyu ne.

Ta farko, noma da kiwo da saran daji su ma suna fitar da hayaƙi, har fiye da kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da duniya take fitarwa. Ku ɗauki takin yuriya. Sinadarin da ke cikinsa, watau naitirojin, daga iska ake tatso shi ta wata dabara da Bajamushe Fritz Haber ya gano a 1909, Carl Bosch kuma ya mai da ita aikin masana'anta a 1913. Aiki ne mai cin wuta ƙwarai, da gas ake yinsa, kuma yana lashe kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya. Bayan an kai takin gona, abin da shuka ba ta sha ba wani sashensa yakan tashi sama ya zama wata iska da ake kira naitiros, wadda ta fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 270. Ƙona kara da cinna wa daji wuta su ma hayaƙi ne.

Ta biyu kuma, ita ce mafi muhimmanci a gare mu. Kowace shuka da iskar kabon take gina jikinta. Kara da ganye da saiwa da kashin dabba, duk kabon ne da aka zuƙo daga sama. Idan suka ruɓe a cikin ƙasa, wani sashe nasu yakan zauna ya zama baƙin nan mai laushi da muke gani a tsohon juji ko a kufai. Kabon da ke kwance cikin ƙasar duniya ya fi wanda ke sararin sama yawa. Wannan ne ya sa a taron yanayi na birnin Paris a 2015 Faransa ta fito da shirin ƙara wa ƙasar noma kabon da kashi 4 cikin 1,000 kowace shekara.

Wannan baƙin abu, jama'a, shi ne ran gona. Yana shan ruwa kamar soso, ya riƙe shi, ya riƙa saki sannu a hankali. Yana haɗa rairayi ya zama dunƙule-dunƙule yadda iska ba za ta kwashe shi ba, ruwa kuma ya nutse maimakon ya gudu. Shi ne abincin tana da ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda suke narkar da abinci domin saiwa. A jigawar ƙasarmu sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasa ba, ga zafi yana cinye shi da sauri. Wanda duk ya taɓa lura da inda garke ya kwana a gonarsa ya san abin da nake faɗa. Ranar da ruwa ya ɗauke, geron da ke wurin yana tsaye kore shar, na gefensa ya naɗe ganye. Wannan bambanci na 'yan kwanaki shi ne tsakanin mai dami da mai sake shuka.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Turawa sun fara rubuta wannan ilmi a ƙarni na ashirin. Wani Bature ɗan Ingila, Albert Howard, wanda aka tura Indiya domin ya koya wa manoma, shi ya ƙare da koyo daga gare su. A garin Indore, tsakanin 1924 da 1931, ya tsara hanyar haɗa taki a rami wadda har yau ake bi, ya kuma buga littafinsa a 1940. A 1972 aka kafa ƙungiyar masu wannan noma ta duniya a Faransa. Yau gonakin da ke da takardar shaidar wannan noma sun kai kimanin kashi 2 cikin 100 na ƙasar noma ta duniya.

Mu kuwa ba mu jira littafi ba. Ƙauyukan da suka kewaye birnin Kano sun daɗe ana noma gonakinsu kowace shekara ba hutu, ga yawan jama'a, amma ƙasa ba ta mutu ba. Masani Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a yankin tun shekarun 1960, ya bayyana sirrin. Da rani jakuna sukan shiga birni da itacen girki, su fito da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi. Awaki da tumaki suna ɗaure a turke da damina, ana ba su harawa, takinsu kuma yana komawa gona. Gero da dawa ana shuka su tare da wake da gyaɗa. Ba abin da yake fita daga gona bai sami hanyar komawa ba.

Akwai kuma yarjejeniyar da ke tsakanin manomi da makiyayi. Bayan kaka Bafulatani yakan sauka a gona da garkensa, shanu su ci kara, su bar taki, mai gona ya ba da hatsi, a sha nono a rabu lafiya. Rikicin da ya shiga tsakanin waɗannan 'yan'uwa biyu ya ci rayuka, kowa ya san wannan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ya kuma yanke wa gonaki masu yawa hanyar abincinsu. Saboda haka na yi murna da na ga manomi da makiyayi a inuwa ɗaya yau.

Sai kuma gawo. Ikon Allah, itace ne da yake kakkaɓe ganyensa da damina, lokacin da shuka take son rana, ya kuma yi ganye da rani, lokacin da dabba take son inuwa. Saiwarsa tana tara naitirojin, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin awaki ne. Sarakunan Damagaram na da sun san darajarsa, har suka kafa doka mai tsanani a kan mai sare shi.

DARASI DAGA MARAƊI DA YATENGA

Kada wani ya ce wannan duk labarin da ne. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturen manyan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan mai sauƙi ce. Maimakon a sare duka, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kuma kiyaye su daga wuta da dabba. Da yake saiwar tsohuwa ce mai zurfi, itacen yakan tashi da sauri fiye da dashe. Manoman Nijar suka karɓi abin daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har aka ƙiyasta ya game kadada kimanin miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Waɗannan mutane harshenmu ɗaya, geronmu ɗaya, ruwansu ma bai kai namu ba.

A yankin Yatenga na Burkina Faso kuma, wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da wata tsohuwar dabara bayan farin shekarun 1970 da 1980. Da rani yakan haƙa ƙananan ramuka a fako, inda ƙasa ta yi tauri ba abin da ke tsirowa, ya zuba taki a ciki. Gara takan zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin ya nutse ta hanyoyin garar, sai ya shuka a ciki. Da farko an yi masa dariya. Daga baya ya mai da fako ya zama gona da kurmi. Wannan dabara ita ce mutanen Tawa a Nijar suke kira tassa. A 2018 aka ba shi da Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin. Ya rasu a 2023.

SHAIDAR MASU BINCIKE

Masu bincike su ma sun auna. A tashar Rothamsted ta Ingila akwai gonar alkama da ake gwaji a kanta tun 1843. Sashen da ake zuba wa takin shanu kowace shekara, kabon ɗin ƙasarsa ya ninka fiye da sau biyu bisa na sashen da ba ya samun sai takin zamani. A jihar Pennsylvania ta Amurka, cibiyar Rodale tana kwatanta hanyoyin biyu tun 1981, ta kuma ba da rahoton cewa a shekarun fari masarar takin gida ta fi ta takin zamani yi. A Suwizalan an fara irin wannan gwaji a 1978. Bayan shekara 21 aka ga amfanin gonar takin gida ya gaza da kimanin kashi 20 cikin 100, amma taki da makamashin da ta ci sun ragu da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi.

INDA GIZO YAKE SAƘA

Wannan adadi na ƙarshe ya kawo ni ga abin da masu tallar wannan noma ba su cika son faɗa ba, ni kuwa ba zan ɓoye muku ba. Idan aka haɗa gwaje-gwajen duniya, noman da aka hana shi takin zamani ƙwata-ƙwata yakan gaza da kashi 19 zuwa 25 cikin 100 bisa na wanda aka wadata da shi. Idan kuwa gazawar ta sa aka sare sabon daji domin a cike giɓi, to an yi ba a yi ba, domin hayaƙin saran dajin ya shafe ribar.

Na biyu, takin gida yana da nauyi, ba shi kuma da yawa. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Kafin ka sami wannan daga busasshen kashin shanu sai ka tara kimanin tan biyu, kuma ba duka zai saki a shekarar farko ba. Mai akuya uku ina zai samo wannan? Karan da muke cewa a bari a gona, shi ne abincin dabba, shi ne danga, shi ne makamashin girki. Na uku, ƙasarmu tana da ƙarancin sinadarin fosfaras, wanda wake ba ya iya samo shi daga iska. Na huɗu, dabbobi su ma suna fitar da iska mai ɗumama duniya, kabon da aka tara a ƙasa kuma yana da iyaka, yana kuma iya komawa sama idan aka koma ƙona gona.

Ƙasar Siri Lanka ta gwada yin abin da ƙarfin doka. A watan Afrilu na 2021 gwamnatinta ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, ba tare da an tanadi madadinsa ba. Noman shinkafa da na ganyen shayi suka faɗi, abinci ya yi tsada, aka janye dokar a watan Nuwamba na shekarar, amma ɓarna ta riga ta auku. A watan Yuli na 2022 shugaban ƙasar ya gudu, bayan tattalin arziki ya durƙushe saboda wannan da wasu dalilai. Jihar Sikkim ta Indiya kuwa, da ta bi abin daki-daki tun 2003, sai a 2016 ta kammala. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu a Afirka matsalarmu ma ba yawan takin zamani ba ce. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun tarar ana sa kimanin kilo 8 kacal a kadada, suka yi alkawarin kai shi 50. Da aka sake taro a Nairobi a 2024, sai aka haɗa maganar taki da ta lafiyar ƙasa, domin an gane buhu shi kaɗai ba ya raya gonar da ta mutu. Saboda haka shawarata ita ce, a mai da takin gida shi ne tuwo, takin zamani ya zama gishirin miya. Wanda yake neman kasuwar waje ta riɗi ko zoɓo ko citta mai takardar shaida, shi ne zai bar buhu gaba ɗaya, ya kuma sani sai ya yi shekara biyu zuwa uku yana bin ƙa'ida kafin a ba shi takardar.

ABIN DA MANOMI ZAI FARA DA SHI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin damina da rani ake fara shi, ga kuwa abin da kowa zai iya ba tare da ya ci bashi ba.

Da farko a daina cinna wa gona wuta. Tokar da ake gani ribar kwana kaɗan ce, naitirojin da kabon sun riga sun tafi sama. Abin da dabba ta rage na kara a bar shi kwance ya rufe ƙasa.

Na biyu, a gyara yadda ake tara taki. Kashin da aka bari a rana da iska rabin ƙarfinsa a banza yake tafiya, kuma mafi yawan mutane ba su san fitsarin dabba yana ɗauke da kaso mai yawa na naitirojin ba. A riƙa shimfiɗa ƙaiƙayi ko buntu ko ragowar ciyawa a turke domin su shanye shi. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa ya kai ƙugu. A jera yankakken kara, sa'an nan kashin dabba, sa'an nan ɗan toka da ƙasa, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya cika, a rufe. A soka sanda a tsakiya. Idan bayan 'yan kwanaki ka zaro ta ka ji ta da zafi, aiki yana tafiya, zafin nan kuma shi ne yake kashe 'ya'yan ciyawa. A juya shi sau biyu ko uku, cikin wata uku zai nuna ya yi baƙi, ba ɗoyi. Mai sayen sharar birni kuwa ya tsince leda da batir da kwalba kafin ya kai gona.

Na uku, idan takin kaɗan ne kada a watsa shi ko'ina. A zuba shi a gindin shuka, ko a ramin tassa mai faɗin taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a tara ƙasar ramin ta gefen gangare domin ta tare ruwa. Mai ɗan takin zamani shi ma ya sa kaɗan a gindi ya binne, domin yuriyar da aka bari a fili iska take ciyarwa.

Na huɗu, kada gona ta rabu da wake ko gyaɗa ko waken soya. Ku tumɓuke wake ɗaya ku duba saiwarsa, za ku ga 'yan ƙulalai. Ku fasa ɗaya, idan cikinsa ja-ja ne, to masana'antar taki ce take muku aiki kyauta. Juya shuka tsakanin hatsi da waɗannan yana kuma rage ƙuduji, wanda ya fi addabar gonar da ta gaji.

Na biyar, ranar sassabe a ƙyale tohon gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya, a yi musu aski kawai. Na shida, a rage dogaro da guba wajen ajiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin waken da mu da 'ya'yanmu muke ci. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ba ya shan iska yana kashe ƙwarin wake ba tare da ɗigon magani ba.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN HUKUMA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, ta kuma yi alkawari a taron Glasgow na shekarar cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060. Tana kuma cikin shirin babbar katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ina roƙon a sauko da waɗannan alkawura zuwa bakin gona.

Kuɗin da ake kashewa wajen rangwamen takin zamani, a ware wani kaso a taimaka wa manoma da amalanke da shanun huɗa, domin dakon taki shi ne babban cikas. Ƙananan hukumomi su mai da sharar kasuwanni da ta mahauta taki mai tsabta, maimakon a bar ta tana toshe magudanun ruwa. A duba dutsen fosfaras da ke kwance a ƙasar Sakkwato, wanda ƙa'idar wannan noma ta yarda da shi. A tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne, domin a Nijar sai da mutane suka sami wannan tabbaci abin ya bazu. A ƙarfafa cibiyar bincike ta Samaru da ke Zariya, a kuma ɗauki sababbin malaman gona, a koya musu abin da mu ba a koya mana ba. Iyayenmu sarakuna kuma, ku ne za ku iya maido da amana tsakanin mai gona da mai garke, a kiyaye burtali, a sa ranar sakin gona kowa ya sani.

'Yan'uwana, ramin takinka ba zai sanyaya duniya shi kaɗai ba. Wannan nauyi yana kan manyan ƙasashe masu masana'antu, kuma ba za mu fasa tuna musu ba. Amma kafin su cika alkawari ruwa zai ci gaba da ɗaukewa a tsakiyar damina, abin da zai tsaya tsakanin yabanyarka da rana kuwa shi ne damshin da ƙasarka ta iya riƙewa. Ban ce kowa ya juya gonarsa duka bana ba. Ka ware kunya ashirin, ka yi musu abin da na faɗa, ka bar ashirin a gefe yadda ka saba, ka maimaita shekara uku, sa'an nan ka ƙirga dami. Gani ya kori ji.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mu daga fari da ambaliya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.